Ranar da Aka Miƙa wa Abdulwasi'u Takardar Banki

Muryarsa ake fara ji kafin a gan shi. A layin masu shayi da ke bayan kasuwar Zahir, idan ka ji wani yana jayayya da ɗan Yaman cikin Larabcin Hijaz tas, ya juya kuma ya amsa gaisuwar Bahaushe da Katsinanci, to Abdulwasi'u ne. Shekararsa goma sha tara a Makka. Direba ne. Lokacin aikin Hajji yana jan doguwar motar alhazai tsakanin Mina da Arfa da Muzdalifa, sauran watanni kuma yana kai ma'aikatan wani kamfanin shara wuraren aikinsu, da yamma ya kwaso su.

Mutumin Jibiya ne. Yana da shekara tara mahaifinsa ya rasu, kawunsa ya ɗora shi a bayan wata babbar mota mai zuwa Maraɗi, kuma tun daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba balle a koya masa wani abu a zaune. Duk abin da ya sani da kunne ya ɗauke shi: surorin da yake salla da su, kukan injin da ya kusa lalacewa, da Larabcin da har 'yan ƙasa kan tambaye shi ko a nan aka haife shi. Lambobi ya san su. Allunan hanya ya haddace su kamar yadda ake haddace fuskokin maƙwabta. Amma baƙi ko ɗaya bai iya karantawa ba, na Larabci ko na boko.

A Makka babu wanda ya faɗa wa. Ustazu ma suke ce masa.

Sunan ya samo asali ne lokacin da kamfaninsu ya daina ba ma'aikata albashi a hannu, ya koma zuba shi a banki. Kowane lebura ya wayi gari da kati a aljihu, ga saƙonnin Larabci suna ta shigo masa waya, bai san wanne ne albashi ba, wanne ne gargaɗi. Wa za a kai wa? Ai sai wanda ya fi kowa Larabci. Ranar da mutum na farko ya miƙo masa waya, Abdulwasi'u ya buɗe baki zai ce bai iya ba, sai ya ga mutum biyar sun zuba masa ido suna jira. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Maganar kuɗi ba a yi mata gaggawa. Bari in ɗauki hotonsa, in natsu in duba."

Hoton ya tura wa matarsa Saudat, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya a Katsina. Ita kaɗai ta san sirrin, tun satin aurensu. Ta karanta, ta turo masa bayani da murya. Ya zagaya bayan mota ya kara wayar a kunne, ya haddace, ya dawo ya faɗa kamar yanzu ya gama nazari. Daga baya ya sayi tabarau a wajen wani mai tebur, irin wanda ba ya ƙara gani ba ya ragewa. In an kawo waya sai ya saka shi, ya ɗan haɗe gira, ya ce a dawo bayan sa'a guda.

Shekara uku ana haka, kuma amsoshinsa ba su taɓa kuskure ba. Sai dai kusan kowane saƙon Saudat da magana ɗaya yake ƙarewa.

"Baban Kausar, wata uku kawai nake nema a wajenka, in koya maka karatu. Minti goma kullum. Wallahi yaran da nake koya wa ba su kai ka kai ba."

"Bayan Hajji," yake cewa. Hajji uku suka wuce.

A Hajjin 2016, ranar tsayuwar Arfa, wajen la'asar, yana tsaye jikin motarsa yana jiran rana ta faɗi a fara kwasar alhazai zuwa Muzdalifa. Zafi ya sa ko ƙofar motar ba ta taɓuwa. Sai ga Baba Isa, dattijo ɗan Damagaram, mai shara, wanda ya riga shi zuwa Makka da shekaru. Yana jan baƙar leda da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da 'yar wayarsa.

"Ustazu, duba min wannan. Sau biyu ke nan yana shigowa."

Abdulwasi'u ya saka tabarau, ya ɗauki hoto, ya tura. Saƙon bai tafi ba. Mutanen duniya duk sun taru a fili ɗaya, kowa yana neman gida, layi ya cushe. Ya sake turawa, shiru. Baba Isa yana tsaye, shugaban aikinsu yana ƙwala masa kira daga nesa, ga direbobi uku a inuwar motar suna kallo. Abdulwasi'u ya dubi saƙon. Ya san kamannin saƙon albashi, don lambobi ke cika shi. Wannan kuwa, lamba ɗaya ce tal a cikinsa, talatin.

"Talla ce, Baba," ya ce. "Suna neman ka karɓi wani sabon kati. Share shi."

Baba Isa ya share a gabansa, ya yi godiya, ya ja ledarsa. Cikin hayaniyar kwanakin Mina wayar Abdulwasi'u ta faɗa ƙarƙashin taya, hoton ya tafi da ita, shi ma ya bar maganar ta fita daga ransa.

Bayan wata guda Baba Isa ya je injin cire kuɗi, wanda a can suke kira sarraf, injin ya ƙi ba shi ko riyal ɗaya. An rufe asusunsa. Wa zai raka shi banki? Ustazu. Abdulwasi'u ya sa farar riga, ya shiga gaba, ya yi wa ma'aikacin bankin Larabci mai zafi. Ma'aikacin ya juyo da fuskar kwamfuta, ya ce ai sun tura saƙo har sau biyu a watan Hajji, cewa a kawo sabuwar iƙama, wato takardar izinin zama, cikin kwana talatin, in ba haka ba za a rufe.

Abdulwasi'u ya gane saƙon da ake nufi. Ya juya wajen Baba Isa, ya ce da Hausa, "Ya ce matsalar iƙama ce, sai an kawo sabuwa." Maganar saƙo bai fassara ta ba.

Sabuwar iƙamar tana hannun kamfani, mai sa hannu kuma ya tafi hutu. Sai da aka yi sati bakwai kafin asusun ya buɗe. Ranar da ya buɗe, Baba Isa ya kawo wa Abdulwasi'u dabino a leda, ya ce ladan rakiya. Ya karɓa. Dabinon ya yi wata biyu a aljihun mota bai iya cin ko ɗaya ba.

Da sanyin shekarar ya shigo, wani saurayi ya fara yawo a kasuwar Zahir yana tambayar mutane wa ma'aikata Hausawa ke kai wa matsalar banki. Duk wanda ya tambaya amsa ɗaya yake ba shi. Sunansa Muhannad, ɗan ƙasa ne, amma kakansa daga Sakkwato ya taho a ƙafa. Larabci ne harshensa. Hausar da ke bakinsa ta kakarsa ce, ta tsufa, ya kuma haɗa ta da Larabci. Wani ofishin gwamnati mai sa ido kan bankuna ne ya ɗauki kamfanin da yake wa aiki, don a je a zauna da masu ƙaramin albashi a ji yadda suke fama.

Ya sami Abdulwasi'u wajen mai shayi, ya gaishe shi da hannu biyu.

"Ammi," ya ce, wato baffa, "su can ohis suna da lissahi. Sun san asusu nawa anka ruhe bara. Abin da ba su sani ba, don mi? Shi nika son ji daga bakin mutane. Ka tara min mutum takwas, mu zamna mu yi hira, bas, shi ke nan. Ba suna, ba lambar iƙama."

Abdulwasi'u ya ji daɗi har cikin ransa. Gwamnati da kanta ta aiko, kuma shi aka nema. Tara mutanen ne ya yi wuya, don da an ce gwamnati sai kowa ya shafa aljihun da iƙamarsa take. Lurwanu, wani magini ɗan Kano mai bakin tsiya, ya ce, "Ustazu, in hirar nan ta ƙare a filin jirgin Jidda, kai za ka ɗaukar min jaka." Wada, mai dafa wa leburori abinci, ya ce shi zai je amma ba zai yi magana ba. Baba Isa bai tambayi komai ba, ya ce tunda Ustazu ne ya kira, zai zo.

Wata Juma'a bayan la'asar suka hau wani ɗaki a saman shagon kayan gini. Darduma ce shimfiɗe, da matasai jikin bango, da butar shayi. A bakin ƙofa Muhannad ya riƙe faranti, ya ce kowa ya kashe wayarsa ya ajiye, don kada wani ya ɗauki maganar wani ya fita da ita. Abdulwasi'u ne ya fara ajiye tasa, don ya nuna misali. Ya zauna kusa da Baba Isa, ya fito da tabaransa ya ajiye a kan darduma gefen kofin shayi, inda kowa zai gani.

Muhannad ya ɗora 'yar na'urar ɗaukar murya a tsakiya, jar fitilarta ta kama.

"Wagga ba jarrabawa ba ta," ya ce. "Babu amsa daidai, babu kuskure. Yaya kuka gani da banki?"

"Alhamdulillahi," in ji Wada.

"Alhamdulillahi," in ji na kusa da shi. Haka ta zagaya har ta dawo. Banki lafiya, kati lafiya, Allah ya saka wa hukuma.

Muhannad bai nuna damuwa ba. Ya zuba wa kowa shayi, ya bar shirun ya yi tsawo har ya fara damun mutane. Sannan ya dubi Lurwanu.

"Ran da kaz zo sarraf na ƙarshe, wa ad da kai? Mi kay yi da hwarko?"

Lurwanu ya kwashe da dariya. "Kai, ɗan nan, wannan Hausar taka ai ta girme ka! A ina ka tono ta?"

"Ɗakin kakata."

"To ka gaishe ta. Sarraf dai, ni bismilla nake fara yi. Na haddace: maɓalli na biyu a dama, sai na uku a hagu, sai kore. Shekara biyu muna zaman lafiya. Rannan na je, ashe sun sauya tsarin abin ba su gaya wa kowa ba. Na biyu a dama, na uku a hagu, kore. Ya yi wani ƙugi, ya haɗiye katin. Na tsaya ina ba shi haƙuri da Hausa, wani Bature na bayana..."

"Wane Bature a Makka?" in ji Wada.

"To Baturke ne, fari dai!"

Ɗakin ya ɗauki dariya, daga nan bakuna suka buɗe. Wada, wanda ya rantse ba zai yi magana ba, ya ce shi lambar sirrinsa mai gadin sarraf ɗin ma ya san ta, don shi yake danna masa. Wani ya ce ranar da albashi ya shiga yake kwashe shi duka ya ɗinke a matashi, saboda bai yarda da abin da ke yi masa magana a rubuce ba. Muhannad yana ta rubutu, yana cewa, "Sai mi? Yaya kaj ji a ranka?" Abdulwasi'u yana gyara masa Hausa in ta karye, yana gyara wa mutane zama. Rabonsa da jin kansa haka ya daɗe.

Sai Muhannad ya buɗe jaka ya fito da takarda guda, an buga rubutun Larabci a kanta da manyan baƙaƙe.

"Wanga irin saƙon da banki ka turowa ne. Kowa shi duba, shi hwaɗi min abin da ya gane, da abin da zai yi."

Ya miƙa wa Wada. Wada bai ko kalla ba ya miƙa wa na kusa da shi. Takardar ta bi hannu bakwai kamar kwanon goro, ta sauka a cinyar Abdulwasi'u.

"A'a, kowa da kansa," in ji Muhannad.

"Ɗan nan, kada ka wahalar da kanka," in ji Lurwanu. "Mu duka nan idonmu ɗaya ne, ga shi can zaune. Abin da Ustazu ya gani shi muka gani."

Muhannad ya ajiye biro, fuskarsa ta yi haske irin na wanda ya tsinci abin da ya fito nema. "Ɗayyib! To ammi, gwada min yadda kaka yi musu. Kamar ba ni nan."

Abdulwasi'u ya ɗaga takardar. Wayarsa tana can bakin ƙofa a faranti, a kashe. Babu bayan mota, babu sa'a guda. Ya dubi layukan, sun yi masa kamar wayoyin lantarki da tsuntsaye suka sauka a kai. A tsakiyarsu ga lambar nan guda ɗaya, talatin. Yana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, yana jin wani yana kurɓar shayi. Ya miƙa hannu gefen kofi don ya ɗauki tabarau, ko ya sami ɗan lokaci. Hannunsa ya taɓa darduma. Ya lalaba. Babu.

"Ɗana," in ji Baba Isa, muryarsa a kwance, "Ustazu ya baro tabaransa a mota. Ba ya ganin rubutu sai da shi. Karanta mana da kanka."

"Ai yanzun nan na gan shi a..." Wada ya fara.

"Kofin shayi ka gani," in ji Baba Isa.

Muhannad ya ba da haƙuri, ya karɓi takardar, ya karanta, ya fassara. A kawo sabuwar iƙama cikin kwana talatin, ko a rufe asusu. Ya tambaya ko akwai wanda irinsa ya taɓa zo masa.

"Ni," in ji Baba Isa. "A Arfa ya same ni."

"Mi kay yi?"

"Na share shi. Na ɗauka talla ce."

"Wa yac ce ma talla ta?"

Abdulwasi'u ya kafa ido a kan jar fitilar na'urar.

"Ba kowa," in ji Baba Isa. "Ni na yanke wa kaina."

Muhannad ya tambaye shi abin da rufewar ta jawo masa. Dattijon ya faɗa, ba tare da ya ɗaga murya ba. Matarsa Hure, yanar ido ce ta rufe mata idanu biyu. A watan nan ne wani likitan ido ya zo garinsu na 'yan makonni, aka sa mata rana, aka ce a kawo kuɗin aiki. Kuɗin suna nan, nasa ne, guminsa ne, yana ganin injin amma ba ya iya taɓa su. Kafin asusun ya buɗe likitan ya tafi. An ce sai wata shekara.

"Yanzu surukarta ke riƙe mata hannu zuwa bayan gida," ya ce. "Mace ce mai son yin abinta da kanta. Shi ne kawai ke damunta."

Wannan labarin Abdulwasi'u bai taɓa jin sa ba. Sati bakwai yana ɗaukar Baba Isa a mota safe da yamma, dattijon bai taɓa ambata ba, shi kuma bai taɓa tambayar me za a yi da kuɗin ba, don yana tsoron amsar.

Aka tashi kafin magariba. Kowa ya ɗauki wayarsa, suka sauka suna ta maimaita labarin Baturen Lurwanu. Abdulwasi'u ya tsaya ɗaura takalmin da ba shi da igiya har suka yi nisa. A kwanar matakala ya tarar da Baba Isa yana jiran sa. Dattijon ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da tabaran.

"Ungo. Kada ka taka mota babu shi, mutane su yi magana."

Abdulwasi'u ya karɓa, bai iya ɗaga kai ba. "Baba, tun yaushe?"

"Tun banki. Shekara ashirin da shida ina share titin Larabawa, Wasi'u. Ban iya mayar musu da magana ba, amma in an ce an turo saƙo sau biyu, ina ji." Ya gyara hularsa. "Daga nan na zauna na yi tunani. Duk amsar da ka ba mu bayan sa'a guda, daidai take fitowa. Guda ɗaya ka bayar nan take, ita ce ta Arfa. Sai na ce, to mai karanta masa ba ya kusa ranar."

"Matata ce. Tana Katsina."

"Allah ya yi mata albarka. Ta yi mana aiki."

"Me ya sa ba ka tona ni ba? Har dabino ka kawo min."

"Ka raka ni, ai ka raka ni. In na tona ka, su Wada wa za su kai wa waya? Mai gadin sarraf?" Ya fara sauka, yana dafa bango. "Ban ce ban ji zafi ba. Na ji. Har yanzu in na kira gida na ji ana ce mata ga ƙofa nan, a hankali, sai in tuna da kai. Amma ban ga abin da kunyarka za ta ƙara wa idon Hure ba."

Ya sauka ya bar shi a tsaye.

Abdulwasi'u ya daɗe a matakalar. Sauka ta fi sauƙi, mota tana ƙasa, kuma dattijon ya riga ya rufa masa asiri ruf. Sai ya tuna yadda fuskar Muhannad ta yi haske, da saurin da ya yi ya rubuta wani abu lokacin da Lurwanu ya ce idonsu ɗaya ne. Ya juya ya hau.

Muhannad yana naɗe wayar na'urarsa. "Ammi, ka yi mantuwa?"

"Me ka rubuta a kaina?"

Saurayin ya duba littafinsa, ya faɗa da Larabci, don ya fi masa sauƙi: cewa ma'aikatan nan suna da mutum guda mai ilimi a cikinsu wanda ke karanta musu komai, kuma zai ba da shawara a nemi irin waɗannan mutane a kowace unguwa, a riƙa bi ta hannunsu.

"Kunna abin nan," in ji Abdulwasi'u.

Jar fitilar ta kama. Ya zauna a inda ya tashi, ya ajiye tabaran a gabansa. Mutumin da bai taɓa rasa magana ba cikin harshe biyu, sai da ya buɗe baki sau uku kafin ta fito.

"Mai ilimin nan da ka rubuta, babu shi. Ni ne, kuma ban iya karatu ba. Ko sunana aka rubuta a bangon nan, sai dai in wuce shi."

Ya faɗi komai: hoton da yake ɗauka, Saudat, bayan mota, Arfa, da abin da ya ƙi fassarawa a banki. Muhannad bai katse shi ba, bai kuma kalle shi a fuska ba, ya bar idonsa a kan littafi. Da ya gama, saurayin ya ja layi a kan abin da ya rubuta ɗazu.

"In da kai aka tambaya," ya ce a hankali, "mi za a yi?"

"Su yi magana. Mutum takwas ka tara yau, duk muna da kunne. In za a rufe wa mutum guminsa, a kira shi a gaya masa da baki, ko a turo murya, da harshen da yake ji. Talla da gargaɗi kuma kada su zo da kama ɗaya. Ni da na ji shi da kunnena ranar nan, da ko ina tsakiyar tuƙi ba zan ce talla ba ce."

"Zan kai shi yadda ka hwaɗe shi. Ban iya yi ma alkawarin abin da za su yi da shi ba. Sunanka ba ya ciki."

"Na sani," in ji Abdulwasi'u. "A can ofishinku ne sunana ba ya ciki."

Ko rahoton ya canza wani abu, Abdulwasi'u bai sani ba har yau. Saƙonni dai sun ci gaba da zuwa a rubuce.

Kwana huɗu bayan zaman, da hantsi, suna wajen mai shayi, Lurwanu ya zaro waya ya miƙo masa ta saman kan Wada. "Ustazu, ga mutanenka sun sake. Ka zo da idon naka yau?"

Tabaran yana aljihun gaba. Baba Isa yana ƙarshen benci yana jiƙa burodi a shayi, bai ɗago ba. Abdulwasi'u ya ɗauki hoton saƙon ya tura, amma bai tashi ya zagaya ko'ina ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur.

"Mu jira ta," ya ce.

"Mu jira wa?"

"Mai karantawa. Matata. Ni ban iya ba, Lurwanu. Ban taɓa iyawa ba. Saƙon Baba Isa ma na Arfa, ni na ce masa talla ce."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. Wada ya dubi Baba Isa, ya dubi ƙasa. Abdulwasi'u ya rasa inda zai sa hannayensa, ya haɗa su a tsakanin gwiwoyi. 

Lurwanu ne ya fara magana, kuma babu dariya sosai a muryarsa. "Shekara uku ina tashi in ba ka kujera. Ashe Ustaziya ce a Katsina, kai ɗan aike ne."

"Ɗan aike ne," in ji Abdulwasi'u.

"To ɗan aiken ma da ya tsaya a aikensa, da ba a yi haka ba."

Babu wanda ya ce a'a. Wayar ta yi ƙara a kan tebur. Da, sai ya ɗauke ta ya kara a kunne. Ya danna, ya ƙara murya, ya tura ta tsakiya. Muryar Saudat ta fito, da kukan awaki a bayanta, tana bayani dalla-dalla cewa katin mai wayar ya kusa ƙarewa, ya je reshe da iƙamarsa kafin ƙarshen wata ya karɓi sabo. Ta ɗan tsaya. Ba ta san mutum shida ke sauraro ba.

"Baban Kausar, Hajji dai ya wuce. Yaushe za mu fara?"

Wada ya rufe baki da hannu. Baba Isa ya ci gaba da cin burodinsa. Abdulwasi'u ya jawo wayar, ya danna wurin ɗaukar murya, kowa yana ji.

"Yau," ya ce. "In na sauke ma'aikata."